Ranar da Umma Ta Sa Sakata

Daddawa ce ta tona mana asirin ciwon Umma. A daminar shekarar da aka yi kulle ne, na je Badarawa gaishe ta, na tarar da ita kwance da zazzaɓi, sai na kaɗa mata miyar kuka don ta samu ta sa wani abu a cikinta. Ta kai loma ɗaya ta ture kwanon, ta ce na manta ban sa daddawa ba. Ni kuwa har ƙari na yi. Na ɗauko ƙullin daga kicin na kai mata hanci. Ta shaƙa, ta sake shaƙa, ta ce wannan ai ta lalace, ba ta ƙanshin komai. Daddawar da in an buɗe ta a kicin, mai wucewa ta ƙofar gida sai ya sani. Nan gabana ya faɗi, don na sha ji a rediyo cewa mai korona yakan daina jin ƙanshi.

Umma mahaifiyata ce, malamar firamare da ta yi ritaya. Tun rasuwar Babanmu ta ƙi komawa gidan kowa a cikinmu, ta ce ba ta barin ɗakinta. Daddawar kuwa ta Inna ce, aminiyarta. Inna Bazamfara ce, mijinta direba ne ya kawo ta Kaduna, suka kama haya kusa da gidanmu lokacin Umma tana amarya. Da Umma ta haife ni ba ta da uwa a raye, Inna ce ta tsaya mata, ta dafa ruwa, ta yi mata wankan jego har ta gama. Daga baya suka koma Rafin Guza, inda take sayar da daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa a zauren gidanta, amma tamu daddawar ba ta taɓa yankewa ba. Umma tana ce mata Yaya, ita kuma tana ce wa Umma Malama, rabi girmamawa rabi tsokana. Abu ɗaya ne ke damun Inna a rayuwa, ciwon asma. In ya taso mata, daga tsakar gida kana jin ƙirjinta yana kuka.

Na kira likitan da ke duba wa Umma ciwon suga. Ya ce a zo a yi gwaji, Umma ta ce sam, ba za a zo da mota mai jiniya a ɗauke ta a gaban mutanen unguwa ba. Har yau ba mu da takardar da ta ce korona ce, amma likitan ya ce mu ɗauka ita ce. Ta zauna a ɗaki ita kaɗai, ni in riƙa shiga da takunkumi, in numfashi ya fara yi mata wuya in kawo ta asibiti ba tare da jiran izininta ba. Sannan ya ja mini kunne a kan 'yan dubiya. Ya ce kada kowa ya shiga, musamman tsoho da mai ciwon ƙirji. Na kira maigidana na ce ya ji da yara, ni na tare a Badarawa.

Wanda bai ga Kaduna a lokacin ba zai ɗauka kowa a tsorace yake. Ina fa. An ɗan sassauta kullen, mutane sun fito da fushinsu da yunwarsu. Takunkumi ya zama abin nuna wa jami'an tsaro, yana rataye a haɓa, in an hango shinge a ja shi sama, in an wuce a sauke. Teloli sun yi ta ɗinka shi da ragowar atamfa, wasu matan har da mai shiga da ɗankwali. A ƙofar banki na ga mutum ya fito ya miƙa wa na bayansa nasa ya sa ya shiga. Wasu su ce cutar masu hawa jirgi ce, wasu su ce zafin ƙasarmu ba ya barinta, wasu su ce in da gaske ne a nuna musu gawa ɗaya. Ni da nake aikin ofis na yi ta musu da mutane har na gaji da bakina. Ban san musun da ya fi wuya yana jirana a ɗakin uwata ba.

Ranar farko da na shiga mata da takunkumi, ta dube ni daga kwance ta daɗe.

"Wari nake yi?" ta ce.

"Haba Umma."

"To cire wannan abin. Na yi jinyar kakarku ta wajen uba har ta koma ga Allah, ban taɓa toshe hanci a gabanta ba."

A wurinmu wanda ya rufe hanci a gaban majinyaci ƙyamarsa yake yi, babu wata fassara. Na zauna daga bakin ƙofa na yi ta bayani, ta juya mini baya. Sai da na ce in na kamu zan kai wa jikokinta, sannan ta yi shiru. Can ta ce in miƙo mata kunun. Ba ta sake maganar ba, amma na ga tana kauce wa kallon fuskata, kuma abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Sai maganar dubiya. A duk layinmu babu wanda ya kai Umma zuwa dubiya. In ta ji wani ya kwanta, ko ɗan haya ne da ya zo jiya, za ta dama kunun gyaɗa ta zuba a fulas, ta yafa mayafi ta tafi. Takan ce mara lafiya ba magani kaɗai yake sha ba, har da fuskokin mutane. Ta zauna a bakin gado, ta taɓa goshi, ta tambayi abin da aka ci, ta yi addu'a, ta yi faɗa in an bar ɗaki da datti. To yanzu ga ta a kwance, unguwa kuma ta tashi biyan abin da ta shuka. Tun da hantsi ake sallama. Ni ce a bakin ƙofa, da takunkumi, ina cewa an gode, tana samun sauƙi, likita ya hana shiga.

Na sha magana. Wata ta ce, "Ikon Allah, yau mu ake hana ganin Malama." Wata ta ce da ta kusa da ita, yadda zan ji, wai 'yan boko in sun samu wuri har uwarsu sai su kulle. Ni dai Allah bai yi ni da haƙuri ba. Na ce eh, na kulle, in ta warke su kawo ƙarata wurinta. Na rufe ƙofa ina huci, na shiga kicin na yi kuka, don na san ba mugunta ce ta kawo su ba. Waɗanda suka tsara dokar nan sun ce mara lafiya ya zauna a gida, sun ɗauka gida wuri ne da mutum ke zama shi kaɗai. A Badarawa in ka kwanta ciwo, ranar ce gidanka ya fi cika.

Umma da kanta ta ce kada a gaya wa Inna. Ta ce, "Kin san Yaya. In ta ji, ko sojoji aka jera a hanya sai ta zo, ga ƙirjin nan nata." In Inna ta kira waya, Umma takan gyara murya ta ce mura ce kawai. Amma labari ba ya ɓuya tsakanin Badarawa da Rafin Guza, masu zuwa sayen kuka sun kai mata.

Da safe ne, an kwana ana ruwa, ina shanya a tsakar gida na ji ana buga ƙofa. Ina buɗewa na gan ta, zaninta ya jiƙe da taɓo har gwiwa, fulas a hannu, tana numfashi da kyar. Ba ta samu abin hawa ba sai da ta yi rabin hanya a ƙasa. Fuskarta a buɗe, ko a haɓa babu takunkumi.

Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Inna, don Allah ki tsaya nan. Likita ya ce..."

"Ke, kauce," ta ce. "Ni za ki tare? Ni na yi miki wankan hwarko a duniya."

Na tare matan unguwa da yawa a ƙofar nan, amma Inna ban iya ba. Hannun da ya tallafe ni ina jaririya ne ya ture ni gefe, ba da ƙarfi ba ma. Na bi ta ina roƙo, tana tafiya tana faɗa, wai an mayar da ita bare, ƙanwarta na kwance sai a bakin masu sayen kuka za ta ji. Ta isa ƙofar ɗakin Umma, ta cire takalmi, ta kai hannu ga labule.

Sai muka ji ƙarar sakata daga ciki. Umma, wadda ko banɗaki sai na riƙe ta, ta sauko daga gado ta ja jiki ta rufe ƙofa.

"Malama, ni ce," in ji Inna.

"Na ji ki, Yaya." Muryar Umma a shaƙe take fitowa ta bayan ƙofa. "Na gode. Ki ajiye kunun ki koma. Ciwon nan yana kama mutum, kuma masu irin ƙirjinki yake kayarwa."

"Wane ciwo? Na yi jinyar mai ƙyanda, na yi ta mai amai da gudawa, mi ya same ni? Rai na Allah ne. Buɗe."

"Yaya, don girman Allah."

"In mutuwa ce mu mutu tare. Ba ni tahiya sai na gan ki da idona."

Ta zauna daɓas a dokin ƙofa, ta jingina da ita. Na san Inna, Umma ta fi ni saninta. Za ta iya wuni a nan, kuma dole a buɗe ƙofar nan in lokacin magani ya yi. Ƙirjinta ya riga ya fara kukan nan nasa saboda tafiyar da ta sha. Sai Umma ta yi magana da wata murya da ban taɓa jin ta yi wa Inna ba, muryar da take tsawata wa 'yan aji.

"Wai ke ba kya jin magana ne? Ban kira ki ba. Ba na son ganinki. Ki tashi ki tafi gidanki."

Inna ta dafa bango ta miƙe, ta ajiye fulas ɗin a bakin ƙofa, ta sa takalminta. Na ce bari in samo mata abin hawa, ko kallona ba ta yi ba. Na tsaya ina kallon bayanta har ta sha kwana. Da na dawo na ƙwanƙwasa, Umma ta daɗe kafin ta zare sakatar. Na same ta zaune a ƙasa, hawaye sun jiƙa mata wuyan riga. Ta ce, "Ta tafi?" Na ce ta tafi. Ta ce, "Alhamdulillahi," ta ci gaba da kukanta.

Ciwon ya yi tsanani bayan nan, har muka kwana biyu a asibiti ana ƙara mata iska, sannan Allah ya kawo sauƙi. Inna ba ta kamu ba. Umma tana fara jin ƙarfi ta kira ta. Inna ta ɗauka, ta ce ya jiki, Allah ya ƙara sauƙi, ta kashe. Umma ta ce ba komai, in sun haɗu zai wuce.

Da ta warke sosai ta wanke fulas ɗin Inna, ta dama kunun gyaɗa ta cika shi, don ba a mayar da kwanon mutum haka nan. Na raka ta Rafin Guza. Ina ta shirin jin faɗa, har na tanadi abin da zan ce. Da faɗan aka yi mana da ya fi. Inna ta shimfiɗa mana sabuwar tabarma, wadda take ajiye wa baƙi. Ta kawo ruwa a kofin gilashi, a kan faranti. Umma da take shiga har ƙuryar ɗaki ta buɗe tukunya ta zuba wa kanta, yau ga ta a zaure kamar mai neman aure.

"Sannu da zuwa, Hajiya," in ji Inna. "Ya ƙarfin jiki?"

Na ga Umma ta ɗan runtse ido. Tun da suke, Inna ba ta taɓa ce mata Hajiya ba.

"Yaya, na zo ba ki haƙuri. Kin san abin da ya sa na faɗi maganar nan."

"Ba komai, Hajiya. Gidanki ne. Wanda kika so shi ka shiga."

Umma ta yi bayani, ni ma na sa baki, na kawo maganar likita, na kawo ta asibiti da iskar da aka ƙara mata. Inna tana ta gyaɗa kai tana cewa haka ne, Allah ya kyauta. Ta karɓi kunun ta yi godiya irin ta baƙo. Da za mu tafi ta rako mu har bakin zaure, ba ta ƙulla mana komai ba.

A hanya na fashe. Na ce wannan wane irin taurin kai ne, an ceci ran mutum yana fushi. Umma ta ce in rufe mata baki. Ta ce, "Ke kina ganin ciwo, ita tana ganin ƙofa. Ta taka taɓo daga Rafin Guza, na ce ba na son ganinta, a gabanki, 'yar da ta yi wa wanka. Ko ni ce sai na ji." Na ce to da ta bar ta ta shiga? Ta ce a'a, ko yau aka sake za ta sa sakatar. Can ta ce da dai ta samu wata maganar ba waccan ba, amma ta duba a lokacin ba ta ga wadda za ta tayar da Yaya daga dokin ƙofa ba.

Hancin Umma ya dawo a hankali. Abin da ya fara gaya mata shi ne daddawar da nake sayowa a kasuwa ba ta Inna ba ce. Takan ci tuwon ta yi shiru. Ba a yi gaba ba, don in an yi rasuwa ko suna sukan haɗu su gaisa, Hajiya da Yaya, lafiya lau, madalla. Da Sallah Umma ta aika da abinci, a dawo da kwano da abinci. Duk abin da ake yi don kada a ce an ɓata, suna yi. Amma hirar nan da suke yi har a kira magariba ba su sani ba, ta mutu. Takunkumi ya ɓace daga fuskokin mutane, aka koma musafaha da cinkoso a gidan biki, korona ta zama abin ba'a, in wani ya yi atishawa a ce a killace shi a yi dariya. Kowa ya manta, ban da tsofaffin nan biyu. Na sha ganin Umma ta ɗauki waya ta duba ta ajiye. Ina jin haushin Inna, ina kuma kewarta, don ni ma uwa na rasa.

Bara aka yi wa Umma aiki a ciki. Ta dawo gida ba ƙarfi, ta rame, likita ya ce a kula da ita, tun wancan ciwon, ƙirjinta bai koma daidai ba. Wannan karon ban tare kowa ba, ba ni da hujja, kuma na ga yadda fuskarta ke washewa in ɗaki ya cika. Matan layi suka yi ta zuwa, har da wadda ta ce na kulle uwata, ta kawo farfesu muka yi dariyar abin. Umma tana amsa gaisuwa, amma duk sallamar da aka yi sai ta ɗaga kai ta saurara, sannan ta mayar.

Wata ranar bayan azahar, mutane sun ragu, ina wanke kwanuka na ji sallama da muryar da ba ta ɓace mini. Inna ce. Ta tsufa, har da sanda. Fulas a hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma ta kama gefen mayafinta ta rufe hanci da baki. Na taso da sauri na gaishe ta, na karɓi fulas ɗin, na ɗaga mata labulen ɗakin Umma. Ta girgiza kai. Ta zagaya ta gefen da ake shanya, ta tsaya a jikin taga, ta leƙa ta cikin ƙarafunan.

"Malama," ta ce. "Ya jikin?"

Na ji gadon ya motsa. Umma ta yunƙura ta zauna, ta ce, "Yaya? Shigo mana. Shigo, ƙofa a buɗe take."

"Ba ni shiga. Mura nika yi, ga tari tun shekaranjiya. An ce ƙirjinki ba ƙwari."

"Ba komai, Yaya, ki shigo."

"Na ce ba ni shiga. Ke ɗiyata, kawo min kujera nan."

Na kawo mata 'yar kujerar tsakar gida, ta ce in ƙara ja da ita baya kaɗan. Ta zauna, mayafin yana nan a bakinta. Ta kwance bakin zaninta ta ciro ƙullin daddawa ta miƙo mini, ta ce in sa a miyar dare, ta ji an ce ta kasuwa muke ci, shi ya sa Malama ta rame. Ƙanshin ya cika tsakar gida. Daga cikin ɗaki na ji Umma tana jan hanci, na leƙa na ga ta kama ƙarfen taga da hannu biyu tana kuka.

Inna ta bar ta ta yi mai isarta. Sannan ta yi tari a cikin mayafi, ta juya kai gefe har ya lafa, ta dawo da fuskarta ga taga.

"Bar kuka, Malama," ta ce. "Ni ina son ganinki. Shi ya sa na zo ta taga."